Kabad ɗin Baba Ba Ya Shan Iska

Kati na uku ke nan da Injiniya ta kwaso ta mayar wa mai shago cikin wata biyu. Tun daga bakin ƙofa ta hango ya fara murmushin nan nasa mai ƙona rai, irin na wanda dama ya san za ka dawo.

"Injiniya da kanta! Shi ma wannan bai yi ba?"

"Da ya yi za ka gan ni?"

Ta dire kwalin a kan tebur. A layin masu sayar da kayan kwamfuta ba mai kiran mutumin nan da sunansa, Akwai ake ce masa, don duk abin da ka tambaya amsarsa ke nan. Ko abin da ba a ƙera ba tukuna ka nema, zai ce akwai, ka zauna ka huta, sannan ya shiga ciki ya fito maka da wani abu dabam ya rantse ya fi wanda ka zo nema.

"Mene ne laifinsa kuma?"

"Kuka yake yi."

"Haba dai! Wannan 'yar fankar? Ai ko sauro ya fi ta murya."

"To kai ka taɓa zama awa biyu da sauro a kunne?"

Abin da take nema ba wani abin a zo a gani ba ne, shi ya sa ma haushin ya fi cin ta. Katin hoto ne, wato farantin nan da ake sokawa cikin kwamfuta ya ɗauki aikin fitar da hoto zuwa talabijin. Shekara goma sha ɗaya tana gyaran kwamfutocin wani ofishi mai hawa huɗu, ta sa irinsa ya fi a ƙirga, ido rufe ma za ta iya. Babanta ne ya laƙaba mata Injiniya tun ranar da ta kwance masa rediyo tana 'yar shekara tara, ta kuma mayar da shi yana magana, sunan ya bi ta har gidan miji. Amma ga shi 'yar kwamfutar falonta, wadda ba ta da aikin komai sai nuna bidiyo, ta mayar da ita abin dariya a layin.

Laifin kuwa ba na kati ba ne, ita ma ta sani sarai. Laifin na kabad ne, kuma ita ta jawo.

Baba kafinta ne na gaske, ya haura shekara arba'in yana aikin katako. Bara likita ya duba shi ya ce jijiyar idonsa ce ke mutuwa a hankali, magani zai rage mata gudu amma ba zai tsayar da ita ba.  A mota, suna hanyar gida daga asibiti, ya tambaye ta me falonta yake bukata. Ta ce ba komai. Ya ce ƙarya ne, ya ga kwamfutar nan yashe a ƙasa wayoyi sun nannaɗe ta, falon matar aure ya koma shagon gyara. Ya ce ta auno masa, zai yi mata kabad. Ta ɗauki tef ta auna tsawo da faɗi da tudu, ta rubuta masa da manyan lambobi yadda zai gani. Abu ɗaya ta manta, wanda ko ɗan koyo na sati guda ba zai manta ba: ba ta gaya masa kwamfuta tana bukatar iska ba.

Kafinta irin Baba kuwa, in ka ba shi awo, awon zai ba ka. Ya yi wata biyu a kan aikin. Ranar da aka kawo kabad ɗin maƙwabta har leƙowa suka yi. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, katako ne ya shiga cikin katako ya kama, ko takarda ba za ta ratsa mahaɗar ba. Bayansa falle ɗaya ne, ba haɗi. Gurbin kwamfutar ya zauna mata cif, yatsa ɗaya ya rage ta kowane gefe. Rami ɗaya tak ya huda don wayoyi, shi ma ya yi masa murfi mai kama su tsam don kada ƙura ta shiga. Ga ƙofar gilashi da in ka tura ta sai ta rufe da wani ɗan sauti mai taushi, tub, kamar an ajiye kofi a kan kafet.

Kallo ɗaya ta yi wa gurbin ta gane kuskurenta. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga Baba yana shafa gefen kabad ɗin da tafin hannu, ya kawo fuskarsa kusa da shi sosai.

"Wannan ne na ƙarshe, Injiniya," ya ce. "Daga shi na ajiye aikin mutane. Sai dai ɗan abin da ba a rasa ba, don hannu kada ya mutu."

Ta haɗiye maganarta. Wa zai dubi tsoho a irin wannan rana ya ce masa a kawo injin huda a fasa bayan aikinsa? Ta ce a ranta za ta san dabara, ai ita ce Injiniya.

Tun daga nan kowace Asabar bayan an ci abincin rana, mijinta, wanda kowa ke kira Dogo, yakan je ya ɗauko Baba. Baba ya ja kujera kusa da talabijin, ta sa masa bidiyon kafintocin wasu ƙasashe, irin wanda ba magana a ciki, hannu ne kawai da katako, awa biyu cur. Yana kallo yana yi musu gyara. Wannan gaggawa gare shi. Wancan bai wasa zartonsa ba. Wannan kam ya yi gado, Allah ya yi wa wanda ya koya masa albarka. Ita kaɗai ce ranar da take jin dariyarsa a sati.

A nan wahalar ta fara. Idon Baba ba ya kama layin mahaɗa sai an sa bidiyo mafi tsabtar hoto, ita kuwa tsohuwar kwamfutar in aka ba ta irin wannan sai ta riƙa sarƙewa: hannun kafinta ya tsaya a sama da guduma, kafin ka ƙifta ido har an gama bugawa. Dole sai an ƙara mata kati. Sannan rabin kallon Baba da kunne yake yi, daga ƙarar zarto yake gane ko katakon ya bushe, don haka ba ya son wani sauti a falon. Ƙofar gilashin kuma, ko sau goma ta bar ta a buɗe, da ya shigo zai miƙa hannu ya tura ta. Ya ce ƙofar kabad da aka bari a buɗe zagin wanda ya yi ta ce.

Katin farko da Akwai ya ba ta ƙato ne mai fanka biyu, ko shiga cikin siririyar kwamfutar bai yi ba. Na biyu ƙarami ne marar fanka, shiru kake ji, sai dai bai san sababbin nau'in bidiyo ba, hannun kafinta ya ci gaba da tsayawa a sama. Na uku ya fitar da hoto tas, har zanen jikin katako kana gani. Amma da ya yi minti ashirin a rufe sai zafi ya taru, 'yar fankarsa ta fara tsuwa, tun tana yi ƙasa-ƙasa har ta cika falon. Baba ya juya kai hagu da dama ya ce, "Wa ya kunna injin aski?"

Shi ne yau ta dawo da shi.

Akwai ya shige ciki ya daɗe, ya fito da wani kwali yana busa ƙurar kansa. Katin gajere ne, ba fanka, amma an jera masa haƙoran ƙarfe masu kauri don su sha zafi.

"Wannan ya san duk wani bidiyon da aka haifa. Ba ya tari, ba ya atishawa. Amma fa zan gaya miki gaskiya."

"Yau kuma?"

"Yau dai. Iska yake so. In iska ba ta ratsa haƙoran nan ba, zai dafa kansa. Ki huda kabad ɗin kawai ki huta, ni ma in huta."

Ta ɗago ta harare shi. "Ni na ce maka a kabad take?"

"Ba ki faɗa ba. Amma duk katin da kika dawo mini da shi ƙamshin man katako yake yi."

Ta fizgi kwalin ta fice ko sallama babu. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, a karo na farko tun da ta san mutumin nan, gaskiya ya faɗa.

Da yamma Dogo ya dawo daga makarantar da yake koyarwa ya same ta zaune dirshan a kan kafet, kwamfutar a buɗe a gabanta, sukundireba a baki. Ya tsaya a kanta yana kallo. Mutum ne mai sanyin hali, kuma sanyin halinsa ya fi ba ta haushi a ranar da ranta yake ɓace.

"Na huɗu ke nan ko na biyar?"

Ta ci gaba da lalube a cikin kwamfutar.

"Ni fa ban san komai a harkar nan ba," ya ce, kuma duk lokacin da ya fara da haka ta san shawara ce ke tafe. "Me zai hana a fito da kwamfutar a ɗora ta a sama?"

Ta cire sukundireban daga baki. "Gurbin kuma a sa me? Takalmanka? Don ita ya yi shi."

"To a huda bayan. Yana jingine da bango, wa zai gani?"

"Baba ba gani yake yi ba, shafawa yake yi. Duk Asabar sai ya zura hannu ta baya ya ji ko danshin bango ya taɓa shi. Ba ka lura ba?"

"To ki gaya masa mana. Babanki ne fa."

"Kai ka gaya masa."

Dogo ya ja da baya har da ɗaga hannu biyu. "Ni? In dubi surukina in ce aikinsa da gyara? Rufa mini asiri."

"Ba aikinsa ne da gyara ba, awona ne da gyara!"

"To ai ya fi sauƙin faɗa ke nan."

Bai fi ba, kuma ta kasa yi masa bayanin dalili. In ta faɗa, Baba ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi, ya ce ai shi ya kamata ya tambaya. Ga kuma kunyar kanta. Ita da ke tsayawa a ofis tana yi wa manyan mutane tsawa don sun jingina fayil a bakin fankar kwamfuta, ita ce ta sa tata a akwati ta rufe. Ta yi tsaki ta soka katin a gurbinsa ta ɗaure.

Asabar ta zo, katin ya yi abin da ake so. Hoto tas, falo tsit. Baba ya gyara zama ya ce, "Yauwa, yanzu kika zama Injiniya." Daɗi ya kama ta har ta manta da maganar Akwai. Awa ɗaya da kwata ana kallo, wani kafinta yana daf da haɗa ƙafar tebur, Baba ya sunkuyo gaba yana cewa bari mu ga ko za ta shiga, sai talabijin ta yi ɗif. Kwamfutar ta ji zafi ta kashe kanta.

"Me ya faru?"

"Wuta ce ta ɗan yi rawa, Baba."

Dogo ya ɗaga kai ya dubi fitilar falon da ke ci lafiya lau, ya dube ta, ya mayar da idonsa kan jaridarsa.

Daga ranar ta koma zaman dabara, dabarar da ita kanta take jin kunyarta. Ta shiga cikin saitin katin ta rage masa ƙarfi har iyakar inda hoto ba zai sarƙe ba. Ta riƙa zaɓo gajerun bidiyo. Ta sa agogon wayarta ya riƙa girgiza a aljihu in an yi minti hamsin, sai ta miƙe ta ce, "Baba, a ɗan huta a sha shayi," ta tsayar da kallon, ta buɗe ƙofar gilashin wai tana goge ƙura, ta tsaya tana fifita ciki da tsumma a ɓoye. Zafin da ke bugo fuskarta kamar an buɗe tukunya. Baba ya ce shi bai taɓa ganin gidan da ake shan shayi kamar nata ba, ko kamfanin ganyen ne ya ɗauke ta aiki? Ta yi dariyar yaƙe. A ofis kuma, da ta samu sarari, sai ta buɗe shafukan masu sayar da kaya tana neman katin da bai da tsawo, bai da fanka, bai da zafi, ya kuma san sabon bidiyo. Duk wanda ta samu sai ya faɗi a ɗaya. Tun tana karanta bayanan da marmari har ta koma tana zagin waɗanda suka rubuta su.

Haka aka ci wata biyar. A kan kafet ɗin akwai sawun ƙafafun kujerar Baba, kuma duk ranar da ta zo shara sai ta ga sabon sawu ya matsa gaba da na baya. Da farko taku uku ne tsakaninsa da talabijin. Yanzu in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Ta ga wannan ɗin, ta kuma kawar da kai, don kanta yana can wurin kati.

Wata Asabar Baba ya shigo, ya yi abin da ya saba, ya tura ƙofar gilashin, ya bi saman kabad ɗin da tafin hannu. Sai hannun ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi a hankali da ɗan yatsa. A kusurwar da ke daidai saman kwamfutar mahaɗar ta buɗe, ɗan tsagi siriri, farce zai shiga.

Tana tsaye da tire a hannu ta ga komai, kuma nan take ta san dalili. Wata da watanni zafi yana gasa katakon ta ciki, ya bushe ya tsuke ya ja jikinsa.

Baba ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, muryarsa ta yi ƙasa.

"Shekara arba'in mahaɗata ba ta taɓa buɗewa ba."

"Baba, ɗan kaɗan ne fa."

"Babu ɗan kaɗan a mahaɗa. Ko dai katakon bai gama bushewa ba ban gane ba, ko na yanka a karkace ban gani ba." Ya yi 'yar dariyar da ba daɗi a cikinta. "Ashe tun a lokacin idon ya tafi, ni ne nake ta cika baki."

Ga maganar a bakinta, kalma biyar ba ta kai ba. Ta dubi Dogo, Dogo ya zuba mata ido yana jira. Sai ta ji kanta tana cewa, "Ga shayi, Baba, kada ya huce."

Ranar bai yi wa kowane kafinta gyara ba. Ko rabin awa ba a yi ba ya ce a mayar da shi gida, kansa ke ciwo. Da Dogo ya dawo daga kai shi sai ya wuce ɗaki kai tsaye. Da ma faɗa ya yi mata, da ta samu wanda za ta sauke wa haushin. Satin nan duk wanda ya kawo mata kwamfuta a ofis sai da ya yi da-na-sani. Har wani babban akawu ta yi wa tatas don ya ɗora kofi a kan tasa, mutumin ya fita yana tambayar ko lafiya.

Asabar ta gaba ta ji su a matakala suna hawowa a hankali fiye da kullum. Ta buɗe ƙofa ta ga Dogo rungume da akwatin kayan aikin Baba, tsohon akwatin nan mai hannun fata da ko taɓa shi ba a bari su yi suna yara. Dogo ya ajiye shi a tsakiyar falo, ya kauce gefe bai dube ta ba.

"Ki samo wanda zai yi amfani da su," Baba ya ce. "A wurin aikinku ko cikin maƙwabta. Kada dai a ba wanda zai buɗe gwangwani da su."

"Baba, ai ka ce za ka riƙa ɗan taɓawa."

"Na ce. Da kujerar maƙwabciyata a wurina, ƙafa ɗaya ta karye, na mayar mata jiya. Wanda ya yi wa 'yarsa aikin da ya buɗe cikin shekara ɗaya, ba shi da hurumin taɓa kayan mutane."

A nan ne abin ya ƙare mata. Ba ta tsara maganar ba, ta fito ne kawai a hargitse, da ƙarfi fiye da yadda ta so.

"Ba kai ba ne, Baba! Ni ce. Zafi ne. Kwamfutar ce take gasa shi ta ciki. Iska take bukata, ban gaya maka ba da na kawo awon, na manta. Katakonka lafiyarsa ƙalau, yankanka lafiyarsa ƙalau. Wutar da na ce ta yi rawa ƙarya ce. Shayin ma ƙarya ne."

 Dogo ya sami abin kallo a jikin bango.

"Kunna ta," Baba ya ce.

Ta kunna, ta sa bidiyo, ya tura ƙofar gilashin da kansa. Suka zauna su uku ba mai kallon talabijin. Da aka yi kamar minti arba'in ya buɗe ƙofar ya zura hannu ciki, ya dafa katakon sama ta ƙasa. Bai daɗe ba ya janye hannun yana yarfewa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka kawo shi."

"Tun ranar." Ya jinjina kai. "Satin da ya wuce ma kin sani."

"Na sani."

Ta jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ya ce ta kashe, ya ce Dogo ya janyo kabad ɗin daga bango a fitar da kwamfutar. Ya durƙusa a bayansa da ƙyar, yana shafa fallen katakon nan da bai da haɗi.

"Ta ina iskar take son shiga?"

"Ta ƙasa, Baba. Ta fita ta sama, nan."

"To ai ba wani abu ba ne." Muryarsa ta ɗan dawo, irin ta mai aiki. "Ba huda ake yi ba. Taga ake yankawa a nan, a jera mata siraran katako a kwance, kowanne ya ɗan sunkuya, iska ta wuce ƙura ta tsaya. Wata kuma a ƙasa. In an gama, wanda ya gani zai ce ado ne. Aikin kwana uku. Ba ni fensir."

Ta buɗe akwatin ta miƙa masa fensir da ma'auni, zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ya ɗora ma'aunin, ya ja layi. Ya matso da fuskarsa. Ya ƙara matsowa har hancinsa ya kusa taɓa katakon. Ya ce Dogo ya haska masa fitilar waya, Dogo ya haska. Ya karkata kai ta hagu, ya karkata ta dama, ya lumshe ido ɗaya. Sannan ya zauna a kan dugadugansa ya ajiye fensirin a kafet.

"Ina layin yake?"

Ta nuna masa da yatsa. Layin yana nan baƙi ƙirin, miƙe sambal.

"Lokacin da na kawo kabad ɗin nan ina ganin layin fensir, Injiniya," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Wata uku bayan nan ma ina gani. Da kin faɗa, da na yi miki shi da hannuna."

 Baƙin ciki ya kama ta, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa, ba Akwai ba, ba masu ƙera kati ba.

"A kira wani kafinta, Baba," Dogo ya ce a hankali.

"Wani ba zai taɓa mini aiki ba."

Ya lalubi cikin akwatin ya ciro injin huda, ya zaɓi baki mai kauri da yatsunsa, ya ɗaura, ya miƙo mata ya ce ta huda da kanta. Ya dafa kafaɗar Dogo ya miƙe, ya ce ya raka shi baranda ya sha iska, ya kuma ja musu ƙofa.

Injiniya ta durƙusa ita kaɗai a bayan kabad ɗin. Ta ɗora bakin injin a kan layin da Baba ya ja, ta riƙe da hannu biyu, ta danna. Ramin farko ya fito a karkace, gefensa duk ya tsattsage.